Ɓarin da Na Sa a Inuwa

Shekara talatin da ɗaya ina zana fuskokin mutane, ban taɓa samun wanda yake so a zana shi yadda yake ba. Da baki kam kowa haka yake faɗa, "Mai Zane, ka fito da ni sak." Amma in ka fito da shi sak ɗin, sai ya tsaya yana kallon takardar kamar ka zagi iyayensa. Shi ya sa tun ina sabon hannu na koyi dabarar da ta riƙe ni a sana'ar nan. Kowace fuska ɓari biyu gare ta, kuma ɗaya ya fi ɗaya lafiya. Sai ka ɗan juya kan mutum, ka kawo haske ta ɓarin da ya fi kyau, ɗayan kuma ka lulluɓe shi da inuwa. Ba ka yi ƙarya ba, ba ka goge komai ba. Tabon yana nan, idon da ya ƙanƙance yana nan, sai dai a duhu suke. Mai sanƙo ka sa bakin takarda ya yanke shi daga saman goshi, mai ƙaton hanci ka sauke masa haɓa kaɗan. Da wannan dabarar na ci na sha, kuma ban taɓa jin kunyarta ba sai bana.

Shagona yana bakin titi, tsakanin mai gyaran takalma da wani mai sayar da fenti. Taga ɗaya gare shi, kuma ta cikinta shekara ashirin da biyu ina kallon Mai Agogo a tsallaken titi, zaune gaban ɗan teburinsa mai gilashi, ya maƙala madubin nan nasu a idon hagu, ya duƙufa a kan cikin agogon wani. Na san fuskarsa fiye da tawa, don tawa sai na je aski nake ganinta. Har wani ɗan zobe madubin ya yi masa a kewayen ido, wanda ko ya cire ba ya ɓacewa. Abokin tsokanata ne. Ni in ce masa agogunan teburinsa ko biyu ba su taɓa yarda da juna ba, shi kuma ya ce duk wanda ya shiga shagona da fuskarsa, da ta wani yake fitowa. Sau nawa na ce ya zauna in zana shi, ya ƙi.

"Ranar da za ka zana ni," in ji shi, "ka bar min hancina inda Allah ya ajiye shi. Ba na son gyara."

Shekara uku da suka wuce ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi a kan teburin nan. Ya tashi, amma ba duka ya tashi ba. Ɓarin dama na fuskarsa ya zube, bakin ya karkace ƙasa, fatar idon ta saki har ana ganin jan cikinta. Ƙafa yana janta, hannun dama a naɗe, magana kuwa ta tafi, sai wani sauti guda da yake yi wa komai, ko ruwa yake so ko gaisuwa yake amsawa. Ya rame ya zama rabinsa. Tun daga nan ya tsani hoto. In wani ya ɗaga waya, sai ya rufe fuska da hannun da ya rage masa. Duk Asabar nakan je gidan in zauna da shi. Yakan kamo wuyan hannuna ya kai agogona kunnensa, ya saurara, ya girgiza kai, wato har yanzu agogon banza nake ɗaurawa.

Wata Talata da hantsi matarsa tana shanya a bayan gida, ƙofa a buɗe, ya fita. Ba wanda ya ga inda ya nufa.

Ranar Alhamis da sassafe 'yarsa Auta ta zo shagona. Ita kaɗai ta rage a gidan tare da iyayen, ita ke yi masa wanka da aski. Idanunta sun kumbura, takalmanta sun yi butu-butu. Kwana biyu ta yi tana zaga asibitoci da ofisoshin 'yan sanda, ko'ina a ce ta kawo hoto. Ta ciro wanda suke da shi ta ajiye min. Hoton wani taro ne na shekara goma baya, yana layin ƙarshe, kansa bai fi ƙwayar wake ba, ga ƙiba, ga gemu baƙi.

"Kawu, wannan ba zai yi ba," in ji ta. "Ko ni ba zan gane shi a nan ba. Kai ka san shi. Ka zana mana shi yadda yake yanzu, mu buga mu manna."

Nan take na jawo takarda. Minti arba'in na yi. Na sa shi yana kallon gaba sosai, haske a shimfiɗe ko'ina daidai, ba inda zai ɓuya. Layin da ke saukowa daga gefen hanci zuwa baki na ja shi da ƙarfi a hagu, a dama kuwa na bar wurin a shafe, don haka ciwon ya mayar da shi. Na sauke gefen bakin, na saki fatar idon, na sa ramin kunci da furfurar da ta fito masa tsilli-tsilli. Na sa zoben madubin a idon hagu. Da na gama na ja baya na duba, sai na ji ba na son aikin. Ba tsari, ba lallashi, fuska ce kawai a tsakiyar farar takarda kamar ta katin shaida. Auta kuwa ta dafe baki da hannu biyu.

"Baba ne," ta ce. "Wallahi Baba ne."

Muka ɗauka muka kai wa mahaifiyarta. Tana zaune a falo, gefen kujerar da yake zama, wayarta a cinya. Ta karɓi takardar, ta duba, sai ta kifa ta a kan tebur kamar ta taɓa wuta.

"Wannan ba mijina ba ne."

"Mama, shi ne mana. Haka yake."

"Haka ciwo yake, ba haka yake ba. Mutumin da shekara uku yana rufe fuska kada a ɗauke shi a waya, shi za ku manna a kowace falwaya, yara suna nunawa suna dariya? Ya dawo ya tarar da wannan a bakin titinsa? Ku kashe shi kawai ku huta."

"Mama, ya dawo ɗin tukuna. In ya dawo ni zan bi in ɓamɓare su da hannuna."

Suka yi ta yi, ɗaya na kuka ɗaya na rantsuwa. Can Auta ta juyo gare ni.

"Kawu, kai ka faɗa mata. Kai ka san aikin."

A nan ne ya kamata in buɗe baki in ce yarinyar nan ta fi mu gaskiya. Abin da ya fito daga bakina kuwa shi ne abin da nake faɗa wa kowane mai sanƙo da kowace mai tabo. Na ce ai ba sai an goge komai ba, a ɗan juya shi ne kawai, a gyara hasken, kowa zai gane shi kuma ba a tozarta shi ba. Uwar ta share hawaye ta ce Allah ya yi min albarka. Auta ta dube ni, ta kau da kai. Na daɗe ina gaya wa kaina tausayin tsohuwar ne ya sa. Akwai tausayin, amma ba shi kaɗai ba ne. Tun ina tsaye a falon nan hannuna yake ƙaiƙayi, don na riga na ga zanen a kaina, kuma na san zai yi kyau.

Washegari Juma'a yini guda cur na ba sabon zanen, alhali mutum yana can ba a san inda yake ba. Na ajiye fensir na ɗauko gawayi da takarda mai ɗan kaushi. Na juya kansa zuwa dama, kamar wani ya kira shi daga tsallaken titi yana shirin amsawa. Hasken na kawo shi daga sama ta hagu, irin na hantsi da ke faɗo masa a teburinsa. Ya sauka a goshi, ya gangaro ta karan hanci, ya tsaya a kan ƙashin kunci. A nan ban sa komai ba, farin takardar na bari ya yi aikin. Layin haɓa na ja shi sau ɗaya ban ɗaga hannu ba, da kauri daga ƙarƙashin kunne, yana sirancewa har ya ɓace a cikin gemu. Ɓarin dama kuwa na murza gawayi da ɗan yatsa, hawa uku, har gefen bakin da ya karkace ya narke a cikin duhu. In ka san yana nan za ka gan shi, in ba ka sani ba sai ka ɗauka murmushi ne yake ɓoyewa. Ban sa shi a tsakiyar takarda ba, na matsar da shi gefe na bar fili a gabansa, inda idonsa yake kallo. A ƙarshe na ɗauki abin goge fensir, na fere bakinsa, na ɗauke ɗigo ɗaya tak a cikin ƙwayar idon hagu. Da ɗigon nan ya fita, sai mutumin ya dube ni. Ban taɓa yin aiki kamarsa ba, kuma na san haka tun gawayin bai bar yatsuna ba. A ƙasa can gefe na sa hannu, na ƙara da sunan titin shagona.

Uwar ta rungume shi a ƙirji ta yi kuka mai daɗi. Ita ta faɗi abin da za a rubuta: sunansa, shekarunsa, lambar wayar Auta, da cewa ba shi da lafiya. Wace irin rashin lafiya, ta ce ba za a tallata ba. Aka buga kwafi ɗari uku. Auta ta bi tasha-tasha, kasuwa-kasuwa, ta koma duk asibitocin da ta je, ta ƙara da waɗanda ba ta je ba, ta manna. Zanen farko kuwa na cusa shi a jakar da nake ajiye samfura, na manta da shi.

Zane ya yi suna, ba zan ɓoye ba. Mai fenti ya ce ya ga mutane sun taru a tasha suna kallo. Wasu har ɓamɓarewa suke yi su tafi da shi gida, sai Auta ta sake mannawa. Masu son a yi musu irinsa suka fara zuwa shagona, ina karɓa. Waya kuma tana ta shigowa, a ce an ga wani dattijo mai kwarjini a wuri kaza, Auta ta hau mota ta je ta tarar da wani lafiyayyen tsoho yana cin kasuwarsa. Kowace safiya takan biyo ta gaban shagona da robar gam da damin takardu, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Kawu, ina kwana. Shiru har yanzu."

Sai in ce Allah ya bayyana shi, ta ce amin, ta wuce. Ba ta taɓa tayar min da maganar zanen farko ba, ni ma ban tayar ba. Haka muka yi sati bakwai.

Ranar wata Litinin bayan azahar wata mata ta yi sallama, matsakaiciya, da fararen takalma irin na ma'aikatan asibiti. Ta ce ita nas ce a wani asibiti can ƙarshen gari, mota biyu ta hau kafin ta zo. Sunan titin ta gani a ƙasan wata takardar cigiya da aka manna a ƙofar ɗakin da take aiki, ɗakin maza. Mahaifiyarta take so in zana mata.

"Baba, kullum in zan shiga sai na tsaya na kalle shi," in ji ta. "Ni ban san komai a zane ba, amma hasken nan da ya sauko masa ta goshi, kamar ka sa hannu ka ji ɗumi. Ga idon, duk inda ka tsaya kai yake kallo. Kuma yadda ɗaya gefen ya shige duhu, sai ka ji kana so ya ƙarasa juyowa ka ga sauran."

Na ji daɗi, kaina ya kumbura. Na jawo mata kujera, na shiga yi mata bayanin da ba ta tambaya ba, yadda ake barin farin takarda ya zama haske, yadda layi ɗaya mai rai ya fi goma masu tsoro, dalilin da ya sa ba a dasa mutum a tsakiya. Tana ta gyaɗa kai. Na ɗauko jakar samfura in nuna mata irin takardun da za ta zaɓa, ina zarowa ɗaya bayan ɗaya, sai zanen farko ya zamo ya faɗi a gaban takalmanta. Ta sunkuya ta ɗauka za ta miƙo min, sai hannunta ya tsaya.

"Laa! Gado na Tara!"

Na ce mata me ta ce.

"Wannan ai majinyacinmu ne. Allah sarki, Gado na Tara. Haka muke kiransa don ba mu san sunansa ba. Baba, a ina ka san shi? Ga bakin, ga idon, har wannan zoben. Kai, kamar ka zauna a gabansa."

Na tambaye ta yaushe aka kawo shi. Ta ɗan yi lissafi da yatsu, ta ce wajen sati bakwai ke nan, ranar wata Juma'a. Masu shara ne suka tsince shi a bayan wata ma'ajiyar katako, ya faɗi, ba takarda a jikinsa, ba magana. Juma'ar da na yini ina murza gawayi ke nan.

"Bawan Allah mai haƙuri," in ji ta. "In ka zo ba shi magani sai ya kamo hannunka ya kai agogonka kunnensa. Har muna tsokanarsa. Kwana goma sha ɗaya ya yi a wurinmu."

"Daga nan fa?"

Ta dube ni, sai ta rage murya. Ta ce ciwon ya sake bugunsa, da rana tsaka, ita ce ma a kansa lokacin da ya cika. An ajiye shi iya kwanakin da ake ajiyewa, ba wanda ya zo, aka yi masa sutura tare da wasu mutum biyu da su ma ba a san kowa nasu ba.

Na tashi na ciro kwafin zane na biyu daga bango, na ajiye shi kusa da na farkon a kan tebur. Ta dubi wannan, ta dubi wancan, ta sake duban wannan. Na ga lokacin da ta gano hancin, sannan zoben idon. Ta dafe ƙirji.

"Innalillahi. Baba, taku biyar ne tsakanin takardar nan da gadonsa. Taku biyar. Gadon yana jikin taga, hasken ta wannan ɓarin yake faɗo masa, mu wannan ɓarin muke gani." Ta ɗora yatsa a kan inda na murza gawayi hawa uku. Sannan ta ce, "Duk safiya in an tura shi a keke za a kai shi gashin ƙashi, in an zo ƙofar nan sai ya ɗaga hannu yana wannan sautin nasa. Mun ɗauka ruwa yake so. Ruwa muke ba shi."

Ban san lokacin da ta tafi ba. Na dai san ta rubuta min sunan asibitin da lambarta a bayan wata takarda, kuma ba ta ƙara maganar mahaifiyarta ba. Na zauna ina kallon tsallaken titi, inda wani mai sayar da gilasan ido ya kafa teburinsa yanzu. Tsoro na ji, da kunya, irin wadda ban taɓa ji ba tun da aka haife ni. Mutumin nan abu ɗaya ya taɓa roƙona a shekara ashirin da biyu, ya ce ba ya son gyara. Na rufe shago da rana tsaka, na naɗe zanen farko, na kama hanyar gidan da ƙafa, don ba na so in isa da wuri.

Auta ce ta buɗe ƙofa, yatsunta duk busasshen gam. Ta gaishe ni, sai idonta ya sauka a kan abin da ke hannuna. Ta karɓa ta warware. Ba ta tambaye ni me ya sa na kawo shi ba.

"Wa ya gane shi?" ta ce.

"Wata nas."

"Yana ina?"

Na shiga laluben aljihu ina neman takardar da nas ɗin ta rubuta min. Ta tsaya tana kallona. Daga cikin falo muryar uwar ta taso, da fara'arta, ta ji ni ne.

"Mai Zane ne? Shigo mana ka gani, an sa wa zanen gilashi. Na mayar da shi kusa da taga yadda ka ce, inda hasken zai faɗo masa. Kowa ya shigo gidan nan sai ya yaba."